Fulotina yana kallon yamma: ina zan sa ɗakuna, ina zan bar fili?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fuloti hamsin-ɗari a Ɗanbare, ƙofarsa tana kallon yamma. Matata ɗaya, 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyata za ta dawo wurina da zama. Maginin da na kira ya ce a ja gini daga katanga zuwa katanga, a fitar da ɗaki shida da shago biyu ta waje, don kada fili ya tafi a banza. Uwargida ta ce sam ba ta yarda ba. Kuɗin hannuna kuma ba zai kai a gama ginin a tashi ɗaya ba. Yaya zan tsara shi? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan fili, ya ƙara wa Hajiya lafiya. A wannan magana uwargida ta fi maginin gaskiya, domin ita ce za ta wuni a gidan cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kai digiri 40. Shawarata ita ce ka fara ware inda ba za a gina ba, sannan a zauna maganar ɗakuna.

Mu fara da rana. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana, rana kusan a tsakiyar ka take. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Afrilu takan karkata kudu, sauran watanni ta ɗan koma arewa. A lokacin bazara, idan kwanon rufi ya zarce bango da ƙafa biyu ko uku, bangon kudu da na arewa suna samun inuwa. Bangon gabas da na yamma kuwa ba su da wannan gata, saboda rana tana dukansu ne daga gefe. Na yamma ya fi wahala. Daga azahar har faɗuwar rana bulo yana shan zafi, da dare ya riƙa sakinsa cikin ɗaki. Shi ya sa za ka ga ɗaki, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka taɓa bango ka ji shi da ɗumi, yara sun kasa barci, an kwashe tabarmi an fita waje.

To a nan ka yi dace ba ka sani ba. Tunda ƙofarka tana yamma, tsawon fulotin, wato ƙafa 100, ya miƙe ne daga yamma zuwa gabas. Dogayen bangayenka za su kalli kudu da arewa, kuma nan ake son tagogin ɗakunan kwana. Gajeren bangon da zai sha ranar yamma sai ka ba shi abin da ba a kwana a ciki: soro ko falon baƙi, banɗakin baƙi, sito, rumfar mota. Su ne za su tare wa sauran gida zafi. Ka dasa darbejiya a gaba tun yanzu, kafin a sauke yashi ma, amma nesa da fandisho da sokawe saboda saiwa.

Ga rabon da zan yi da a ce ni zan zana. A bar ƙafa 20 a gaba, tsakanin get da gini. A bar ƙafa 25 a baya, ta gabas, ta zama tsakar gida. A bar lungu mai ƙafa 5 a kowane gefe. Abin da ya rage ƙafa 40 ne a faɗi, 55 a tsawo, kuma wannan ya ishi ɗakin kwana huɗu, falon baƙi, falon iyali, kicin da sito ba tare da matsi ba. Tsakar gidan da ke gabas da gini tana samun ranar safe, wadda ake so don shanya, sannan daga bayan azahar inuwar ginin ta fara rufe ta. A nan za a yi wanki, a ɗora tukunyar suna, yara su yi wasa ana ganinsu, Hajiya ta shimfiɗa tabarmarta da la'asar.

Lungunan nan na gefe su ne maginin ya kira asara, kuma su ne nake so ka fi riƙewa. Ɗakin da bayansa ya manne da katangar maƙwabci taga ɗaya kawai zai samu, ko ma babu. Iska kuwa ba ta shiga inda ba ta da mafita. Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bango daban-daban, ko taga da ƙofa da suke duban juna. Da damina sassanyar iska daga kudu maso yamma take zuwa, don haka tagogin kudu su zama manya. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, tagogin wannan ɓangare su zama masu rufuwa gam. Lungu ɗaya kuma, na kudu ko na arewa, shi ne zai zama hanyar mata: baƙuwa ta shigo daga get ta wuce kai tsaye tsakar gida, ba ta ratsa falon da kake zaune da abokanka ba. Tsarin gidajen cikin birni ke nan tun da can, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, ba wanda ya tsaya a ƙofa ya hango iyali. Ƙofar get da ƙofar shiga gini kada su daidaita a layi ɗaya.

Akwai abu ɗaya game da gabas da ya kamata ka sani. Hadarin Kano yawanci daga gabas yake tasowa, ruwa ya zo da iska yana dukan bango a karkace. Maginan ƙasa sun san wannan, shi ya sa suke ba bangon gabas kulawa ta musamman wajen yaɓe da makuba. Kai ma ka sa baranda mai zurfi, kamar ƙafa 7 ko 8, tsakanin gini da tsakar gida, don kada feshin ruwa ya riƙa shiga ta ƙarƙashin ƙofa.

Ɗakin Hajiya ya kasance a ƙarshen gini ta gabas, ƙofarsa ta buɗe kan wannan baranda, da banɗakinta a ciki, ba matakala, ba tayil mai santsi. Tsohuwa tana da nata baƙin, tana da nata lokacin tashi, kuma zaman lafiya tsakaninta da uwargida ya fi ɗorewa idan kowa na iya shiga da fita ba tare da ratsa ɗakin wani ba. Kicin ya zauna a ɗaya kusurwar, da ƙofa zuwa tsakar gida, domin ko da akwai gas, ranar taro gawayi da icce za a koma. Ɗakin samari ya matso kusa da soro, amma ƙofarsa ta cikin gida, ba ta kan layi ba.

Sai ruwa, mai tsabta da mai datti. Sokawe ya zauna a gaba, a gefe guda kusa da katangar titi, inda motar yasa za ta iya kaiwa, ba inda taya za ta riƙa hawa kansa ba. Rijiya ko burtsatse ta koma can kusurwar baya. Kada tazararsu ta gaza mita 15, in ta kai 30 ya fi. Kafin ka kafa alama, leƙa ka tambayi maƙwabtan baya da na gefe inda suka haƙa nasu masai, don sau da yawa rijiyar mutum ba tasa shaddar ce take ɓata ta ba, ta bayan katanga ce. Alƙiblar Kano gabas ce mai karkata arewa da kimanin digiri 20, to a kafa mazaunin banɗaki yana duban kudu ko arewa. A takarda gyara ne na minti ɗaya, bayan an binne bututu kuwa sai an fasa daɓe.

Ka je fulotin cikin Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi. Ka tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da bola, domin irin wannan ƙasa tana bukatar fandisho na daban, kuma injiniya ne zai faɗa, ba ido ba. Daɓen gida ya ɗara titi da aƙalla ƙafa biyu. Ranar da aka zo yin kwalta da kwata, ciko ake yi, titi ya tashi, gidajen da aka gina daidai da ƙasa su koma rami.

Maganar shago: a faɗin ƙafa 50, shago biyu za su cinye wurin mota da hanyar mata, su kuma tara maka zaman majalisa a bakin ƙofa. In lallai ana bukatar kuɗin haya, ɗaya ya isa, a kusurwar da ta yi nesa da hanyar iyali, kuma a sa shi cikin zanen tun farko.

Kafin bulo ɗaya ya hau, safiyo ya tabbatar maka da iyakoki, musamman in filin awon igiya ne, inda ake yawan cin hanya ba a sani ba. Ka duba matsayin takardun filin a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ka kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a amince, su ne za su faɗa maka tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi. In kana da niyyar hawa sama nan gaba, yanzu za ka faɗa, don a yi fandisho da ginshiƙai da wurin matakala daidai da nauyin, a kuma juya tagogin sama kada su leƙa tsakar gidan maƙwabta.

Tunda kuɗi ba zai kai ba, a zana gidan gaba ɗaya, a zuba fandisho gaba ɗaya, amma a fara tayar da ɓangaren gabas: ɗakin Hajiya, ɗaki biyu, falon iyali, kicin da banɗakuna, tare da katanga, sokawe da ruwa. Bangon yamma na wannan ɓangare a jingina masa rumfar kwano ta wucin gadi saboda rana. Falon baƙi da ɗakin samari su biyo baya, leburori suna aikinsu ta gaba, iyali suna shiga ta lungu.