Murar da ke dawowa duk watan Afrilu: amsoshin tambayoyinku kan alajin ƙurar furen pikan

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karon yawancinsu daga 'yan'uwanmu mazauna kudancin ƙasar Amurka suka fito, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato itacen pikan, mai ƙwayar da ake ci kamar gyaɗa, da ƙurar furensa, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya ta farko daga wata baiwar Allah ce a jihar Teksas. Ta ce: "Likita barka da aiki. Ni dai duk shekara da Afrilu ya kama sai mura ta sa ni gaba, atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba kamar famfo, ido na ƙaiƙayi yana ja, har cikin kunne da ganɗa nake jin ƙaiƙayin. Na sha maganin mura na sha antibayotik amma shiru, sai wajen ƙarshen Mayu ta tafi da kanta. Shekarun farko da na zo ƙasar ban san wannan ba. Akwai manyan itatuwan pikan a layinmu, maƙwabciyata ta ce su ne. Da gaske ne?"

'Yar'uwa sannu, Allah ya ƙara afuwa. Abin da kika lissafo ɗin nan ba mura ba ce, alaji ne, kuma maƙwabciyarki ta yi kusa da gaskiya sosai. Kinga mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, takan zo da ciwon jiki, kasala, wani lokacin da ɗan zazzaɓi, majinar ta fara ruwa-ruwa daga baya ta yi kauri, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ta wuce. Shi kuwa alaji ba zazzaɓi, majinar fara ce tas, atishawar a jere take zuwa, ga ƙaiƙayin ido da na ganɗa wanda shi ne babban abin da ke tona masa asiri, sannan yana da kalanda, lokaci ɗaya yake zuwa duk shekara ya ɗauki makonni.

Pikan itace ne ɗan asalin kudancin ƙasar Amurka da arewacin Meziko, ku a Teksas ma shi ne itacen jiha tun 1919, kuma Jojiya da Niyu Meziko da Teksas ɗin su ne kan gaba wajen nomansa. Ba ƙudan zuma ke yi masa barbara ba, iska ce. In kin ɗaga kai a watan Afrilu zaki ga wasu siraran abubuwa kore-kore suna reto a jikin rassan, uku-uku a haɗe, to su ne furen namiji, suna nuna sai su saki ƙura mai yawan gaske iska ta kwasa, bayan sun gama su bushe su zubo su cika bakin titi da saman mota sun koma ruwan ƙasa. Itacen da ya dogara da iska dole ya saki ƙura fiye da kima tunda mafi yawanta ɓata take yi, to wannan rarar ce ke ƙarewa a hancin mutane. Garkuwar jikinki sai ta ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba, kamar maigadin da ya rufe baƙo da duka yana zaton ɓarawo ne, ta saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo kumburin cikin hanci da zubar ruwa da ƙaiƙayin.

Batun cewa shekarun farko lafiyarki ƙalau, ai haka abin yake, jiki sai ya haɗu da ƙurar ya san ta tukuna kafin ya fara faɗa da ita, shi ya sa baƙi da yawa sai sun ɗan kwana biyu a ƙasa abin ke tasar musu. Sai dai ba zan yanke miki cewa pikan ne shi kaɗai ba, don itacen oak da ciyayi ma suna sakin tasu ƙurar kusan lokaci ɗaya. Ki nemi ganin likitan alaji a yi miki gwajin fata. Ba wani abin tsoro ba ne, za a ɗiga ruwan ƙurar itatuwa daban-daban a damtsenki ko bayanki a ɗan tsikari wurin, cikin minti 15 zuwa 20 wanda jikinki ba ya so zai tashi ya yi ja kamar cizon sauro. Za su ce ki dakatar da ƙwayoyin alaji wajen mako ɗaya kafin gwajin, in ba zai yiwu ba akwai gwajin jini. Antibayotik kuma dan Allah ki ajiye shi, ba abin da zai yi wa alaji, illa dai ya lalata miki ciki ya kuma sa ranar da kike buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Na biyu wani bawan Allah ne direban babbar mota a Jojiya: "Likita an gwada ni an ce pikan ne. Ina shan Benadryl amma barci yake sa ni, sai na koma wani feshin hanci mai suna Afrin, yana buɗe hancin nan take amma yanzu wata guda ke nan in ban fesa ba ba na iya numfashi ta hanci. Ina da hawan jini kuma."

Malam wannan saƙon naka ya tayar min da hankali, ba don alajin ba, don magungunan. Benadryl, wato diphenhydramine, da ire-irensa irin su chlorpheniramine tsofaffin magunguna ne masu shiga ƙwaƙwalwa, suna kashe jiki su rage saurin tunani ko da mutum bai ji barcin ba, kai kuma kana riƙe da sitiyarin babbar mota, wallahi bai kamata ba. Akwai sababbi da ake sha sau ɗaya a rana kuma ana samunsu a famasi ba sai da takardar likita ba, loratadine 10mg, fexofenadine 180mg, cetirizine 10mg. A cikinsu cetirizine yakan ɗan sa wasu gyangyaɗi, don haka kai fexofenadine ko loratadine ya fi dacewa da kai, kuma fexofenadine da ruwa zalla ake haɗiyarsa, ruwan lemo ko na tuffa yana hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ka duba kwalin da kyau, duk wanda ka ga an ƙara masa harafin D a ƙarshen suna akwai pseudoephedrine a ciki, shi kuma yana ɗaga hawan jini, ka bar shi.

Feshin nan da ka maƙale masa oxymetazoline ne, kwana 3 aka yarda a yi amfani da shi, in aka wuce hancin sai ya riƙa kumbura da zarar maganin ya sake shi, ka ƙara fesawa ya ƙara kumbura, yanzu toshewar da kake ji rabinta ba pikan ba ne, maganin ne. Dole ka rabu da shi, kuma zaka sha wuya na kwanaki kafin hancin ya dawo daidai, ka je likitanka ya taimaka maka ya ɗora ka a kan feshi mai sitiroid, wato maganin rage kumburi, irin fluticasone ko mometasone.

Bari in tsaya a kan wannan feshin mai sitiroid don shi ne ginshiƙin maganin alajin hanci, kuma shi mutane suka fi yi wa rashin adalci. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki kwanaki, cikakken amfaninsa har mako biyu, sai mutum ya fesa sau biyu ya ce ba ya yi ya jefa shi a durowa. Kullum ake fesa shi, kuma dabarar ita ce ka fara mako ɗaya zuwa biyu kafin itacen ya fara fure, wato tun cikin Maris, kar ka jira sai hanci ya riga ya kumbura. Yadda ake fesawa ma yana da muhimmanci, ka fyace hanci, ka girgiza kwalbar, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe da hannun dama ka fesa a ƙofar hagu, hannun hagu kuma a ƙofar dama, bakin kwalbar yana kallon gefen kunne ba tsakiyar hanci ba, don fesawa a bangon tsakiya ita ke kawo haɓo. Ka ja numfashi a hankali, in ka ji ɗacinsa a maƙogwaro to ka ja da ƙarfi ya wuce inda ake so ya zauna. Ido kuma akwai ɗigo irin olopatadine ko ketotifen.

Wata uwa ta rubuto: "Yarona ɗan shekara bakwai an ce yana da alajin ƙurar pikan. Shin in hana shi cin ƙwayar pikan ɗin ne? Da yana ci ba abin da ke samunsa."

Maman yaro, ƙurar fure daban, ƙwayar daban. Akwai mutane da yawa da ƙurar ke wahalar da su amma suna cin ƙwayar lafiya lau, in ya saba ci ba matsala to gwajin ƙura kaɗai ba dalilin hana shi ba ne, ki dai faɗa wa likitan da ya gwada shi. Abin da nake so ki riƙe shi ne alajin ƙwayar in ya tashi ba wasa ba ne, ya fi na ƙurar haɗari nesa ba kusa ba. In yaro ya ci, cikin mintuna ya feso da borin jini, leɓe ko harshe ya kumbura, ya fara amai, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya ko jiki ya saki, wannan ba lokacin neman maganin alaji na haɗiya ba ne, allurar epinephrine ake yi a cinya nan take in akwai, a kira 911, lambar gaggawa ta Amurka. Wanda aka tabbatar yana da alajin ƙwayar pikan kuma yawanci walnat ma, wata ƙwayar itace mai kama da ita, sai ya kiyaye ta, dangi ɗaya ne. Ko ƙaiƙayin baki kawai ya ce yana ji bayan ya ci, ki dakatar da ba shi sai an duba.

Sannan ki lura da barcinsa da karatunsa a wannan lokacin. Yaron da hancinsa ke toshe da baki yake kwana yana numfashi, ya tashi a gajiye, za ki ga yana yawan tura hanci sama da tafin hannu har layi ya fito a kan karan hancin, ƙasan ido ya yi duhu, a makaranta a ce ba ya mai da hankali alhali barci ne bai samu ba.

Wani matashi kuma ya ce shi bayan atishawa har tari yake yi da dare, ƙirji ya ɗaure, yana jin wani sauti kamar fito in yana numfashi, yana tambaya ko shi ma ƙwayar maganin alajin kaɗai ta ishe shi.

Ba ta ishe ka ba ɗan'uwa. Wannan alamar asma ce, ƙurar ta wuce hanci ta sauka huhu, kana buƙatar gwajin numfashi da inhela. In ka kai ba ka iya gama jimla sai ka tsaya haki, ko leɓe ya canza launi, asibitin gaggawa zaka nufa a daren ba sai gari ya waye ba.

Mai juna biyu da ta tambayi abin da za ta iya sha: loratadine da cetirizine su aka fi natsuwa da su, amma ki ji daga bakin likitan awonki tukuna, masu harafin D kuma ki nisance su. Wanke hanci da ruwan gishiri ba shi da illa gare ki kuma yana taimakawa sosai, sharaɗin dai ruwan ya zama tafasasshe da ya huce ko wanda aka tace na kwalba na musamman, ba kai tsaye daga famfo ba.

Ta ƙarshe daga wani magidanci ce a Oklahoma: "Akwai ƙaton pikan a bayan gidana, in na sare shi zan huta? Kuma babu maganin da zai raba ni da abin nan gaba ɗaya?"

Alhaji sare itacen zai iya rage maka, don ƙurar pikan tana da ɗan nauyi, ta fi yawa kusa da itacen, amma ba zai raba ka da ita ba matuƙar akwai wasu a unguwa, ni kam ba zan ce ka kayar da itacen da ya shekara da shekaru yana ba ka inuwa saboda wahalar makonni ba tun ba ka gwada sauran hanyoyin ba. A lokacin furen ka rufe tagogi ka kunna esi, a mota ka sa ta juya iskar ciki, kar a shanya kaya a waje, in ka dawo ka canza kaya ka yi wanka har da kai da gemu kafin ka kwanta don kar ka kai ƙurar kan filo, in da hali ka sa na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙura mai laushi, a ɗakin kwana. Ranar da ake iska ga bushewa ita ce mafi muni, bayan ruwan sama kuma akan samu sauƙi. Sharar furen da ya zubo ka bar wa wani, in dole kai zaka yi to da takunkumin N95 da tabarau.

Maganin da ke canza abin daga tushe akwai shi, allurar alaji ce. Likitan alaji zai riƙa yi maka allurar ƙurar kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, da farko sau ɗaya ko biyu a mako na wasu watanni, daga baya wajen sau ɗaya a wata, har tsawon shekara 3 zuwa 5, kuma duk ranar da aka yi zaka zauna a asibitin minti 30 don a tabbatar jiki bai tayar ba. Tana son haƙuri, amma mutane da yawa suna samun sauƙi mai ɗorewa ko bayan an daina. Kar ka ɗauka ita ce allurar sitiroid ɗin nan ta shekara-shekara da wasu ke zuwa a yi musu sau ɗaya su ce sun huta, waccan danne abin kawai take yi kuma maimaita ta na taɓa suga da ƙashi da hawan jini. In kana shan maganin zuciya ko na hawan jini, musamman irin su atenolol da propranolol, ka faɗa wa likitan tun ranar farko kafin a fara maka allurar.