Shukokina sun zubar da ganye, furen mangwaro yana kakkaɓewa: in fesa fiya-fiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Zariya, ina da ɗan lambu a tsakar gida: mangwaro ɗaya, lemun tsami, zogale, kariya biyu a tukunya, sai kwamin salak da na'a-na'a. Tun tsakiyar watan Janairu komai ya fita hayyacinsa. Zogalen ya zama tsirara, kariyar ba ganye ko ɗaya, furen mangwaron kuma kullum sai na share shi a ƙasa. A bayan ganyen lemun ina ganin wani farin abu kamar auduga. Wani mai sayar da maganin ƙwari ya ce cuta ce ta shiga gidan, ya ba ni kwalbar Sniper ya ce in zuba murfi biyu a bokiti in feshe komai, sannan in barbaɗa takin yuriya. Ban fesa ba tukuna, domin ina da yara ƙanana da kaji. Amma ina tsoron kafin damina in rasa duka. Don Allah a taimaka mini.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya. Kafin ki ci gaba da karanta wannan amsa, ki tashi ki ɗauke kwalbar nan daga inda hannun yaro zai kai, ki kulle ta, kuma kada ta kwana a ɗakin girki ko ɗakin barci.

Yawancin abin da kika lissafa lafiyarsa ƙalau. Ƙarshen hunturu ne. Iskar ba ta da laima, dare da sanyi, rana ta fara zafi, ƙura ta lulluɓe ganye. Zogale da kariya sukan zubar da ganye a wannan lokaci domin su rage asarar ruwa. Ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon reshe: in kika ga kore a ciki, itacen yana raye. Kariya ma yanzu ne lokacin furenta, tana yin sa ne ba ganye a jikinta, kuma abin da ya fi kashe ta a gidaje shi ne yawan ban-ruwa, gindin ya ruɓe a tukunya. Sau ɗaya a mako ya ishe ta, shi ma sai ƙasar ta bushe. Ki lura dai, ƙaronta dafi ne, kada yara su riƙa karya reshenta.

Mangwaro kuwa, haka Allah ya yi shi. Da yawa daga cikin furanninsa maza ne, ba za su taɓa zama 'ya'ya ba, kuma a cikin fure ɗari da wuya ki sami ɗaya da zai kai ga nuna. Ko bayan ya ƙulla, zai sake zubar da wasu suna ƙanana. Abin da zai sa ki damu shi ne ki ga wani farin gari ya rufe zangarniyar furen, sannan ta yi baƙi ta bushe gaba ɗaya. Wannan ciwon naman gwari ne, wato wani irin fumfuna, maganinsa hodar farar wuta ta feshi, kuma maganin ƙwari ba ya yi masa komai. Yuriya a wannan lokaci ɓarna ce: a busasshiyar ƙasa tana ƙona saiwa, a jiƙaƙƙiya kuma tana sa itacen ya koma fitar da ganye ya bar 'ya'ya.

Yanzu bari in zo kan kwalbar, domin ita ce ta tayar mini da hankali, kuma kusan kullum sai an kawo mini irin wannan magana.

Mutanenmu sun ɗauka cewa fiya-fiya maganin komai ne. Sauro, kyankyaso, kuɗin cizo, ƙwaron wake, ƙwarƙwatar kan yaro, yanzu har ganyen da ya zube saboda hunturu. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magungunan ƙwari masu tsananin haɗari. Yadda yake kashe ƙwaro haka yake kashe mutum: yana toshe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya, sai jiki ya rikice, miyau ya yi ta dalala, hawaye da zufa su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, amai da zawo su biyo baya, ƙirji ya cika da ruwa har numfashi ya gagara. Ba sai an sha ba. Yana shiga ta fata, yana shiga ta hanci, kuma yana tashi cikin iska da sauri, balle a tsakar gida mai katanga huɗu da zafin Fabrairu. Yaron da ke rarrafe a ƙasan da aka fesa, yana sa hannu a baki, shi ya fi kowa shiga haɗari, domin jikinsa ƙarami ne. Kajinki kuma za su tsattsage ƙwarin da suka faɗo.

Wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda yawan da aka riƙa samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna bayan ya yi ta cin rayuka. To ina dokar take? Ga shi an miƙa wa uwar yara a kasuwa, babu tambayar me za ta fesa wa, babu maganar safar hannu ko abin rufe hanci, awon ma da murfi. Murfi biyu a bokiti nawa? Bokitin lita nawa? Wanda ya ba ki bai ga itacen ba, bai ga ganyen ba, ya yanke hukuncin cuta daga kan bencinsa. Wanda bai san bambancin ƙwaro da naman gwari da hunturu ba, ba shi da hurumin rubuta wa kowa magani. Kuma ya ce ki feshe komai, har salak da na'a-na'a, ganyen da ake ci ɗanye! Wallahi abin yana ci mini rai. Rayuwar 'ya'yan mutane amana ce, kuma ribar kwalba ɗaya ba za ta wanke mutum ranar da za a tambaye shi ba.

Ko a ajiye maganar lafiya, feshin zai cuci lambun kansa. Ƙudaje da ƙudan zuma su ne ke yi wa furen mangwaro barbara. Ki fesa dafi yana cikin fure, kin kashe masu aikin, sai zubar furen ta ƙaru, sai a ce miki maganin ne bai isa ba, ki ƙaro wata kwalbar. Farin abin da ke bayan ganyen lemunki ƙwari ne masu tsotson ruwan ganye, jikinsu a rufe da wani abu kamar kaki, feshi yakan zame a kansa. Waɗanda ke mutuwa nan take su ne ƙananan ƙwarin da ke cinye su. Irin wannan farin ƙwaro ya taɓa addabar rogo a faɗin Afirka, kuma abin da ya karya lagonsa wani ɗan ƙaramin zanzaro ne da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samo daga Kudancin Amurka ta fara saki a 1981. Masu irin wannan aiki suna nan a lambunki kyauta, matuƙar ba ki kashe su ba.

Wani kuskuren da ke tafiya tare da wannan: in yaro ya sha ko ya shaƙa, sai a ɗura masa manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro. Kada a yi. Aman yana iya komawa huhu, kuma lokacin da aka ɓata shi ne ran yaron. A cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti a guje tare da kwalbar. Akwai allurar atrofin da likitoci ke amfani da ita, kuma tana ceto in an isa da wuri.

Ga abin da za ki yi wa lemun. Da yamma, rana ta yi sanyi, ki wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi, ki yanke rassan da abin ya yi wa katutu ki ƙone su. Ki narka kamar cokali ɗaya na sabulun salo a lita ɗaya ta ruwa, ban da garin wanki, ki fesa a bayan ganye, ki maimaita bayan mako guda har sau uku. In kina da 'ya'yan darbejiya, ki daka kamar giram 50 a kowace lita, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki haɗa. Ki fara gwadawa a reshe ɗaya. In kin ga tururuwa na hawa itacen, ki bi ta ki tare mata hanya, domin ita ke gadin ƙwarin saboda zaƙin da suke fitarwa.

Ban-ruwa kuma ki daina yayyafi kullum. Lemun yana son ruwa mai yawa da zai ratsa ƙasa, sau biyu a mako, da sassafe ko da yamma. Mangwaron ki bar shi sai 'ya'yan sun ƙulla sannan ki fara ba shi. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kewayen kowane itace, amma ki bar tazarar taƙi ɗaya daga gindi saboda gara. Salak dai kwanansa ya kusa ƙarewa, da zafin Maris ya shigo zai yi tsiri ya yi ɗaci, don haka ku cinye shi yanzu. Zogalen ki sare shi daidai ƙugu gab da saukar damina, zai yi rassa da yawa. Taki kuma, na dabbobi wanda ya ruɓe sosai, ki ajiye shi sai ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Kwalbar ki mayar wa mai ita a rufe yadda ya ba ki, kada ki zubar da ita a kwata ko a shara.