Injin kwale-kwale na mutuwa a tsakiyar ruwa: famfon mai ne?

Wani manomin albasa daga Yauri ya aiko da tambaya: "Malam, ina da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da nake tsallakar da buhuna da shi zuwa kasuwa. Yana tashi lafiya lau, amma da na ba shi wuta sai ya shaƙe ya mutu. Bakanike ya ce in sayi sabon famfon mai. In saya?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Famfon nan ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Fara da murfin tanki. Akwai ɗan ƙaramin noti a kansa da iska ke shiga ta wurin. In yana ɗaure, injin zai yi tafiya kaɗan sannan mai ya daina zuwa, har ka ga tankin roba ya lotsa ciki. Na sha ganin an kwance inji gaba ɗaya saboda wannan notin kawai. Daga nan duba tiyo, ko ya tsage a bakin da yake haɗuwa da inji yana zuƙar iska. Robar nan mai kama da ƙwai da ake matsawa a tsakiyar tiyo tana da kibiya a jikinta, kuma inji kibiyar za ta kalla, ba tanki ba. Sai ka kwance ɗan kofin tace mai, ka juye shi a farar kwalba. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, fetur a samansa. Mai sayen man bumburutu a bakin kogi ya san wannan.

In duk waɗannan lafiya suke, to ga gwajin da ke raba gardama. Ka tafi da yaro a jirgin. Da injin ya fara shaƙewa, ya riƙa matsa robar nan a kai a kai. In injin ya farfaɗo ya ci gaba da gudu muddin ana matsawa, hannun yaron ne ke yin aikin famfo, wato famfon ya gaza. In matsawar ba ta canza komai ba, nemi matsalar a kafireta ko fulogi.

Famfon irin wannan inji ba ya amfani da lantarki. Wani siririn faifan roba ne a cikinsa, iskar da fistin ke turawa da janyewa ita ke kaɗa shi kamar zugazugin maƙeri, da ƙananan bawul guda biyu masu hana mai komawa baya. Faifan ne ke bushewa ko ya huje. Don ka tabbatar, kashe inji, kwance notin da suka riƙe famfon a jikinsa amma ka bar tiyo a haɗe, ka matsa robar har ta yi tauri. In fetur ya ɗigo ta ramin da ke bayan famfon, faifan ya huje. Sau da yawa za ka tarar fulogin silinda ɗaya ya yi baƙi ya jiƙe, hayaƙi ya yi yawa, mai kuma na ƙarewa da wuri, domin ta hujin nan yake zuba kai tsaye cikin inji.

Faifan da gaskit ɗinsa ana sayar da su daban, kuma ba su kai kuɗin famfo sukutum ba. Sai in jikin famfon ya tsage ko ya lanƙwashe ne za ka sayi sabo. Kafin ka buɗe shi, ɗauki hotonsa da waya, ka jera kayan a kan tsumma yadda suka fito, don bawul ɗin da aka mayar a juye ba zai ja ko ɗigo ba. A bakin gaɓa za ka yi wannan aikin, ba mai shan taba a kusa, kuma gwajin farko ka yi shi jirgi ba kaya, da filafili a ciki.