Ku Tambaya: Me Ya Sa Numfashi Ke Yi Min Nauyi A Ƙasan Teku?

Tambaya: Salam Malam, ni mazaunin Jidda ne, kwanan nan na fara koyon nutso da silindar iska a Bahar Maliya. Ran nan muna wajen mita 18 gejina mai nuna sauran iskar silinda ya sauko kusan bar 60 (bar ma'aunin matsi ne) sai na ji ina jan iska da ƙyar kamar mai zuƙar fura mai kauri da tsinken shan lemo. Kayan haya ne. Laifin zurfi ne ko na regileta, wato na'urar da nake shaƙar iskar ta cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na fi zargin regiletan gaskiya, amma bari mu bi abin a hankali.

Ita silindar, iskar da muke shaƙa ce aka danna ciki har bar 200, ba oksijin zalla ba kamar yadda mutane ke zato. Regileta kuma hawa biyu ne. Na farko, wanda ke ɗaure a bakin silinda kamar na tukunyar gas ɗin girki, shi ke karya ƙarfin ya mai da shi bar 9 zuwa 10 sama da matsin ruwan da kake ciki, na biyu da ke bakinka shi ke ba ka iska daidai da matsin wurin in ka ja. Tun 1943 da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera Aqua-Lung a Faransa dabarar kenan, iska ba ta fita sai an nema.

To duk mita 10 ruwa na ƙara bar ɗaya a kan bar ɗayan iskar da muke ciki a saman ruwa, kenan a mita 18 kana cikin kusan bar 3, iskar ta ninka kauri kusan sau uku kuma silinda na ƙarewa da sauri haka, shi ya sa ko regileta mai kyau sai ya ƙara aiki a ƙasa. Amma mita 18 ba zurfin da zai gajiyar da lafiyayyen regileta ba ne sam.

Inda gizo ke saƙar shi ne hawa na farkon iri biyu ne. Akwai mai arha na fistin wanda ƙarfin silinda ke taya shi buɗewa, to in silinda ta yi ƙasa sai abin da yake turowa ya ragu, numfashi ya yi tauri, kuma irinsa ne ya cika shagunan haya don baya saurin lalacewa. Ɗayan da ake kira balans ba ruwansa, ko bar 200 ko 60 abu ɗaya yake bayarwa har sai iska ta kusa ƙarewa. Wasu tsofaffin hannu na cewa wai taurin nan gargaɗi ne mai amfani, ni ban yarda ba, geji aka yi don wannan aikin.

Ka kuma duba ko an buɗe bawul ɗin silinda har ƙarshe, in ka ja numfashi kana kallon geji ka ga allura na rawa to ba a buɗe sosai ba ko filta ta toshe. Ka faɗa wa masu hayar su kai shi sabis, ka nemi wani. In ya sake yi maka haka a ƙasa kar ka riƙe numfashi kuma kar ka yi sama a guje, ka yi wa abokin nutsonka alama ku hau tare a hankali, ka fito da bar 50 a silinda.