Tambayi Likita: Gwajin jini kafin ɗalibi ya fara taɓa marasa lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata tana karatun likitanci, bana za su fara shiga asibiti. An ce su yi gwajin ciwon hanta da HIV da hoton ƙirji. Hankalinta ya tashi, wai in an ga wani abu korarta za a yi. Dole ne sai ta yi? Daga wata uwa a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta yi, kuma ta fi mai da hankali kan ciwon hanta nau'in B. Kowa HIV yake tsoro, alhali idan allura mai jinin mai cutar ta soki mutum, haɗarin kamuwa da HIV kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari, na hanta kuwa yakan kai kashi 30. Binciken ƙasa na 2018 ya samu cutar a jikin kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya, yawancinsu ba su ma san da ita ba.

Ta je ɗakin gwaji na asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ta nemi gwaji uku: HBsAg (mai nuna ko cutar hantar tana jiki yanzu), anti-HBc (mai nuna ko an taɓa kamuwa da ita) da anti-HBs (mai nuna ko akwai garkuwa). A ɗebi jinin kafin a yi mata rigakafi, domin allurar kan sa HBsAg ya fito kamar akwai cuta na ɗan makonni, a tayar wa yarinya hankali a banza.

In ba ta da cutar kuma ba ta da garkuwa, allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. A dantse ake yi, kitsen mazaunai yana rage mata ƙarfi. Inda ɗalibai suka fi sakaci shi ne bayan ta ukun. Wata ɗaya zuwa biyu a sake auna anti-HBs. Sai ya kai 10 mIU/mL za a ce ta karɓa. In bai kai ba, a maimaita allurar. Ko an yi mata tana jaririya, tunda Najeriya ta sa wannan rigakafin cikin na yara a 2004, a auna ɗin dai.

In kuwa an samu cutar, wannan ba dalilin raba ta da karatu ba ne. Za a auna yawan ƙwayar cutar a jini, in da buƙata a ɗora ta kan magani irin su tenofovir. In ma za a taƙaita mata aiki, taƙaitawar takan shafi ayyukan da yatsu ke haɗuwa da abu mai kaifi a inda ido ba ya gani, kamar babbar tiyata. Sakamakon sirri ne tsakaninta da likitan makaranta. Hoton ƙirji na tarin fuka ne. In ya nuna alama sai a gwada kaki, maganinsa kyauta ne.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a ɓangaren haƙori. In allurar kashe zafi ta soke ni bayan na yi wa mutum fa? Daga Yelwa, Bauchi.

Amsa: Ɗana, wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, kada ka matse, kada ka zuba bilic. Sanar da shugaban sashen a lokacin, a gwada ka, a gwada majinyacin da yardarsa. Maganin kariya daga HIV ana fara shi cikin sa'o'in farko, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Kuma ka daina mayar da murfin allura da hannu biyu: ajiye murfin a kan tire, ka zura allurar ciki da hannu ɗaya.