Dalilin da ya sa ba ma buɗe bawul ranar ruwan sama

Ɗana, tambayar da ka yi mini daren Talata, muna fake a bakin sito ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ban ba ka amsarta yadda ya kamata ba, don hankalina yana kan ramin tara ruwa kada ya tumbatsa. Cewa ka yi: "Oga, ga ruwan Allah yana ta wucewa, me zai hana mu buɗe bawul mu saki na ramin nan ya bi shi ya tsinke? Kuma wai mene ne amfanin kwata uku, tunda duk waje ɗaya za su ƙare?" Na ga ka ji zafin tsawar da na daka maka. Tambayar ba ta wauta ba ce, ni ma na yi ta ina kamarka. Hannunka da na gani a kan bawul ɗin ne ya sa na ɗaga murya.

Bari in fara da maganar kwata, don ita ce ke kashe mutum nan take.

Wadda aka shafa wa jan fenti ta ruwan asid ce, da wankin tukunyar kurom, wannan koren garin da muke haɗa wa masu jima. Shuɗiyar ta ruwan soda ce da salfaid, wanda majema ke zubar da gashin fata da shi. Ta ukun, mai faɗin, ta ruwan sama ce kaɗai, ko wankin hannu ban yarda a zuba mata ba. Ruwan salfaid, muddin yana cikin soda, lafiya lau yake zaune. Ranar da asid ya same shi, sai ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka san warin, ka taɓa toshe hanci a bayan injin haɗi. Abin da ba ka sani ba shi ne, idan iskar ta yi yawa hanci mutuwa yake yi, ka daina jin komai, ka ɗauka ta wuce, alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. Kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa take kwanciya, cikin rami da kwalbati da gindin tanki.

A wata masana'anta da na yi aiki ina saurayi, kwata ɗaya ce ke kwashe komai. Wata rana da hantsi ramin ya toshe, aka tura wani abokin aikinmu ya sauka da shebur. Ina tsaye a sama ina riƙe da bokiti. Ya yi shebur biyu, na uku ya motsa baƙar lakar ƙasan, sai kawai na ga gwiwarsa ta lanƙwashe, ya zauna kamar mai hutawa, kansa ya faɗa kan ƙirji. Ko ƙara bai yi ba. Ƙaninsa da ke kusa ya diro don ya ɗauko shi, shi ma ya kife. Ni na riga na ɗora ƙafa a kan tsani, wani dattijon maigadi ya cafko wuyan rigata ya jefar da ni gefe. Da igiya da ƙugiya aka jawo su. Ƙanin ya rayu, wan bai kai asibiti ba. Allah ya jiƙansa. Daga baya muka gane cewa minti kaɗan kafin nan wani ya wanke duron asid a can ɗaya ɓangaren, bai ma san akwai mutum a rami ba. Shi ya sa ka ga ba na barin kowa ya sauka rami sai an zura na'urar gwada iska tukuna, an kunna fanka, an ɗaura masa igiya a ƙugu, ga mutum biyu a sama. Takunkumin yadi da kuke sawa don ƙura, a wajen wannan iskar, da shi da babu duk ɗaya.

Sito ma haka ne. Kana ganin ina hana a jera jarkokin bilic kusa da na asid, ko da wancan gefen ya fi kusa da ƙofa. In suka haɗu, iskar kulorin za su tayar, mai ƙona ido da huhu. Kowane tanki kuma an kewaye shi da ɗan gini kamar kwarami, wanda zai iya ɗauke duk abin da ke cikin tankin har da rarar kashi 10 cikin 100, don in ya fashe ya tsaya a gidansa. Ruwan da kake gani ba komai ba, shi ma abokin gaba ne a wani wurin. Idan za ka tsinka asid mai ƙarfi, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, in ba haka ba ya tafasa ya fantsamo maka a fuska. Kuma ruwa ne ya shiga tankin da bai kamata ya shiga ba a Bhopal ta ƙasar Indiya, daren 2 ga Disamba 1984 wayewar 3 ga wata, a kamfanin maganin ƙwari na Union Carbide. Tankin na ɗauke da wajen tan 40 na wani sinadari da ba ya shiri da ruwa. Injin sanyaya tankin a kashe yake, bututun da ke ƙone iska mai guba ana gyaransa. Iskar ta sauka kan unguwannin talakawa suna barci. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigar sun ninka haka.

To, koma kan ruwan sama.

Idan ka jefa kilo ɗaya na kurom a kogi, kilo ɗaya ne yana nan, launinsa kawai ya ɓace maka. Kurom ƙarfe ne, ba ya ruɓewa kamar kashin shanu. Zai kwanta a lakar kogi, ya jira rani. Kai ɗan Kano ne, ka san hanyar ruwan. Abin da ya fita daga Sharaɗa rafin Salanta yake bi ya faɗa kogin Chalawa. Na Bompai ya bi Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Je ka gefen waɗannan rafukan da rani ka ga injinan ban ruwa a jere, ga latas, ga kabeji, ga alayyahu, kore shar. Washegari suna kasuwa. Mai lambun bai san me muka zuba ba, mai sayen ma haka. Mu ne muka sani.

Ga abin da ramukan nan da kake raina wa suke yi. Ruwan shuɗiyar kwata yana zuwa tankinsa shi kaɗai, mu yi ta hura masa iska awa da awanni, da ɗan garin manganis a ciki, sodar kuma ba ma bari ta yi ƙasa, har salfaid ɗin ya juye ya zama gishirin da ba ya tayar da waccan iska. Ruwan jar kwata kuma laim muke ba shi, farin garin nan mai kashe kaifin asid, sannu sannu ana juyawa, har ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin asid ko soda a ruwa, ya hau tsakanin 8 da 9. A nan za ka ga abin da nake so ka gani da idonka: ruwan da ke kore garau sai ya yi gajimare, ya fara tsinkewa kamar nonon da ya yi tsami, kurom ɗin ya dunƙule ya sauka ƙasa. Sai bayan nan ne ruwayen biyu ke haɗuwa a babban rami, a sa musu alif, irin wanda mata ke jefawa a randa, ya kwantar da sauran dattin. Ba a buɗe bawul sai an ɗebi ruwa a kwalba, an gwada, pH yana tsakanin 6 da 9, an rubuta a littafi, an sa hannu. Na daren Talata ko laim bai gani ba. Ka ga da an haɗa su tun daga tushe, da ba kurom ɗin za mu iya cirewa da kyau ba, ba salfaid ɗin ba, ga ruwa mai yawa da zai ci laim ninki.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin yana cin kuɗi. Injin hura iska dizal yake sha, kuma na san akwai masu jiran hadari ya haɗo su huta da sayen laim. Ni a ganina arha tana can gaba da rami: a share garin da ya zube da tsintsiya tun yana busasshe a mayar da shi, maimakon a bi shi da tiyo; a gyara bawul mai ɗiga ran da aka gan shi. Lakar kurom ɗin ma, in ba ta gauraya da komai ba, ana narkar da ita da asid a sake amfani da ita. Wadda ta gauraya kuwa sai a shanya ta a kan daɓen siminti mai rufi, a ɗura a buhu, a ba masu lasisin kwasa, su ba mu takarda. Kada ka taɓa yarda wani mai tifa ya ce zai kai ta gona wai taki ce. Kada kuma a ƙone ta, don wuta na iya mayar da kurom ɗin wani nau'in da ya fi wannan mugunta nesa ba kusa ba, mai jawo ciwon daji.

Doka ma ba daga sama ta faɗo ba. A 1988 aka gano dubban duro na sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu. Ma'aikatan da suka kwashe su wasu sun ƙone. A shekarar aka yi dokar soja mai lamba 42 da ta haramta zubar da irin wannan shara, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ke zuwa duba mu yanzu a 2007 aka kafa ta. Ranar da suka zo, littafin nan za su fara buɗewa, kuma sunan wanda ke bakin aiki a daren shi ne a ciki.

Sai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma na ji labari. An ce wata mai abinci ta roƙe ka shuɗin duro biyu ta zuba ruwa. Kada ka ba ta. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi duka. Duron da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, ruwan ɗaurayar ya bi kwatarsa, in ba mai kaya za a mayar wa ba a huda gindinsa da ƙarfe. In kana son ka kyauta mata, ka zo in ƙara maka kuɗi ka sayo mata sabo a kasuwa.

Gobe ka iso ƙarfe bakwai, da takalmin roba da tabarau. Kai za ka zuba laim, ni zan tsaya a bayanka. Kafin nan ka ɗauko takardar bayanin salfaid a ofis, mai sassa 16 ɗin nan, ka karanta sashe na 4 da na 10, don zan tambaye ka.