Tsuntsun da ke cin garwashi

Ka kawo mini zanen tsuntsun nan da ka ƙirƙira don littafin almara, wanda ka ce yana zaune a bakin dutse mai aman wuta yana cin garwashi. Tambayarka ita ce me ya sa duk wanda ya gani sai ya ce ya yi kyau amma ba shi da rai. Zauna, ɗana, in nuna maka.

Ka fara da ado, shi ya sa. Ka ba shi tukku da jela mai launi bakwai, amma ba ka tambayi cikinsa ba. A almara mai karatu zai yafe maka ƙarya guda, ya yarda tsuntsu na cin wuta. Daga nan kuwa dole kowace gaɓa ta bi bayan wannan ƙaryar. Mai tura kai cikin garwashi me zai yi da tukku? Dubi ungulu: kanta da wuyanta kusan babu gashi, ga shi kullum tana cusa su cikin mushe. Aske masa kai, ka kaurara bakin, ka gajarta shi. Tsuntsu ba shi da haƙori, da ƙundu yake niƙa abinci, wasu har tsakuwa suke haɗiya don ta taya su. To naka fa? Ka nuna shi yana tsintar duwatsu bayan ya ci, nan take mai kallo zai ji ya san shi.

Sai girma. A zanenka ka yi shi kamar doki, amma ka maƙala masa fiffiken tattabara. Tsuntsayen da suka fi nauyi cikin masu tashi ba su cika wuce kilo 18 ba, kuma albatros na teku, mai faɗin fiffike wajen mita 3 da rabi, sai ya yi gudu yana fuskantar iska kafin ya ɗaga. Naka ba zai tashi daga fili ba. Daga kan tsauni zai saki jiki, iskar zafi mai fitowa daga ramin dutsen ta ɗauke shi. Ka ga ke nan da sanyin asuba yana takure, ba ya nisa da gida, kuma zai yi faɗa sosai a kan wurin tsayuwarsa. Hali ya fito ba ka nema ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙwai. A tsibirin Sulawesi na Indonesiya akwai tsuntsu maleo, ba ya kwanci sam. Yana binne ƙwansa a ƙasar da zafin dutse ko rana ya ɗumama, ɗan ya ƙyanƙyashe ya tono kansa ya fito, ba uwa ba uba. Ara wannan. Tsuntsun da bai taɓa ganin uwarsa ba, yaya zai kalli ɗan'uwansa? Wa ya koya masa kuka?

Ɗauki sabuwar takarda. Kada ka taɓa launi yau, zana mini shi yana cin abinci kawai, sau goma.